Gidan Yuro Ɗaya: Kango Ake Sayarwa, Mutane Ake Nema

A watan Janairun 2019, hukumar wani ƙaramin gari mai suna Sambuca, da ke kan tudu a kudu maso yammacin tsibirin Sisili na ƙasar Italiya, ta yi shelar za ta yi gwanjon tsofaffin gidaje 16, kuma za a fara taya kowanne daga yuro ɗaya. Yuro ɗaya kuwa a can kuɗin ɗan ƙaramin kofin gahawa ne. Tashar CNN ta ɗauki labarin, kafin ka ce kwabo saƙonni dubu-dubai sun yi wa ofishin magajin gari ruwa, daga Amurka da Ingila da ƙasashen Larabawa da wuraren da mutanen garin ba su taɓa jin sunansu ba. Garin da bai kai mutum 6,000 ba ya wayi gari duniya na tambayar hanyarsa.

Tun daga lokacin abin ya zama ruwan dare. Ana ganin bidiyon mata da miji sun murɗa tsohon makulli, sun shiga ɗaki mai ƙura da yanar gizo-gizo, bayan minti biyu sai ga ɗakin ya sha fenti, ga furanni a taga, ga tsaunuka can nesa. Irin wannan bidiyon na fitowa daga ƙauyukan Japan ma, inda ake kiran gidan da ba kowa a ciki "akiya". Yana kuma isowa wayoyinmu a Kano da Damagaram da zangon Kumasi, ya tarar da magidancin da kuɗin haya ya sha masa kai. Ba laifi ba ne idan zuciyarsa ta raya masa cewa ga gida kyauta a Turai, shi yana nan yana fama da mai gidan haya.

Kafin a amsa masa, sai a koma ga Hausa, don ta riga ta rarrabe abubuwa uku. Akwai gida, akwai kango, akwai kufai. Idan Bahaushe ya ce maka "ina gida?" ba bango da rufi yake tambaya ba, iyali yake nufi. Ginin da mutane suka fita suka bari sunansa kango. Garin da ya watse gaba ɗaya, sai tsohuwar rijiya da kuka suka rage, shi ne kufai. Abin da ake sayarwa a yuro ɗaya kango ne, a cikin garin da ke tsoron zama kufai. Wanda ya riƙe wannan zai fahimci duk sauran bayanin: dalilin arahar, sharuɗɗan da ke tattare da ita, da abin da ya sa wasu suka ji daɗin cinikin wasu kuma suka yi da-na-sani.

Ina masu gidan suka tafi?

Ruwa ba ya tsami banza. Kudancin Italiya ya fi shekara ɗari yana zubar da 'ya'yansa. Tsakanin 1876 da 1915 kaɗai, kusan mutum miliyan 14 suka bar ƙasar neman abinci, Sisilawa da yawa suka nufi New York da Buenos Aires. Bayan yaƙin duniya na biyu aka sake wani tashin, wannan karon zuwa masana'antun mota na Turin, da Milan, da Jamus da Siwizalan, da ramukan kwal na Beljiyam. A Janairun 1968 girgizar ƙasa ta afka wa kwarin Belice, ta rushe garuruwa irin su Gibellina da Poggioreale, ta tsattsage gidaje a Salemi da Sambuca. Waɗanda suka zauna ma ba duka suka koma tsohuwar unguwa ba. Sun gina gidajen siminti a gefen gari, inda mota ke isa ƙofar gida, suka bar lungunan da aka tsara don jaki da mai tafiya a ƙasa.

Sai kuma haihuwa ta ja baya. A 2024 an haifi jarirai kusan 370,000 a Italiya, waɗanda suka mutu kuwa sun kai 650,000. A Japan giɓin ya fi haka faɗi. Yawan jama'arta ya kai ƙololuwa a 2008, wajen miliyan 128, daga nan yake ta raguwa. A 2024 jariran da Japanawa suka haifa ba su kai 690,000 ba, mamata kuwa kusan miliyan 1.6. Matasan da suka rage kuma Tokyo da Osaka da Nagoya ke kwashe su.

Ƙidayar gidaje da gwamnatin Japan ta yi a 2023 ta samu gidaje miliyan 9 babu kowa a ciki, wato kashi 13.8 cikin ɗari na gidajen ƙasar. Masu tallata akiya suna son wannan adadi, amma yana buƙatar bayani: a cikinsa akwai ɗakunan haya da ke jiran ɗan haya, da gidajen da aka sa a kasuwa, da na hutu. Waɗanda aka bari haka nan, ba haya ba sayarwa, miliyan 3.85 ne. Ko hakan ma ba kaɗan ba ne. A lardunan Wakayama da Tokushima, gida ɗaya cikin biyar ba kowa a ciki. A ƙauyen Nagoro na Tokushima, wata dattijuwa ta shiga ɗinka mutum-mutumin tsumma mai girman mutum a madadin maƙwabtanta da suka mutu ko suka ƙaura, tana zaunar da su a gona da bakin hanya. Yau mutanen tsumman sun ninka masu rai fiye da sau goma. Makarantar ƙauyen ta rufe a 2012, su ne ke zaune a kan bencin ɗalibai.

Japan na da wani dalili nata na daban. A can fili ne dukiya, ginin da ke kansa kuwa ana kallonsa kamar mota, kullum darajarsa raguwa take yi. A lissafin haraji, gidan katako yana cinye darajarsa cikin shekara 22. Jama'a sun fi son sabon gini, shi ya sa duk da miliyoyin kangaye ana ci gaba da gina sababbin gidaje kusan 800,000 a kowace shekara. Gidan da aka gina kafin 1981, shekarar da aka tsaurara ƙa'idar gini saboda girgizar ƙasa, Bajapane kan yi tunani sau biyu kafin ya kwana da iyalinsa a ciki.

Gadon da ya zama kaya

Kowane kango yana da masu shi, kuma nan ne ƙullin yake. A Italiya doka ta ba kowane ɗa kasonsa a gado. Gidan kaka ya rabu tsakanin 'ya'ya, kason kowane ɗa ya sake rabuwa tsakanin jikoki, har a wayi gari ɗaki uku yana da magada goma sha, wani a Ajantina, wani a Ostareliya, wasu ba sa ga-maciji da juna. Ba a sayar da gidan sai kowa ya sa hannu. Garin Patrica da ke kudu da Rum ya gwada shirin yuro ɗaya, amma 'yan gidaje ƙalilan ya iya sayarwa, saboda an kasa gano magada ko an kasa sasanta su. Abin da ya sauƙaƙa wa Sambuca shi ne gidajen da ta yi gwanjonsu sun riga sun zama mallakar hukumar gari. A halin da ake ciki kuma magada na biyan haraji a kan gidan da ba sa kwana a ciki, idan bango ya faɗa wa mai wucewa su za a nema.

A Japan haraji ne ya daɗe yana hana rushe kango. Filin da ke da gida a kansa, matuƙar bai wuce murabba'in mita 200 ba, kashi ɗaya cikin shida na cikakken haraji ake lissafa masa. Ka rushe gidan, ka biya kuɗin rushewa mai yawa, sannan harajin filin ya tashi. Sai magaji ya ga gara ya bar shi tsaye yana ruɓewa. Ga kuma nauyin zuciya: kayan iyaye na ciki, da ɗan wurin da ake tunawa da kakanni, ba kowa ke iya kwashe su ba. Da yawa ba su ma yi rajistar gadon ba, har wani ƙiyasi ya nuna filayen da ba a san takamaiman masu su ba sun fi tsibirin Kyushu faɗi. Dokar da ta fara aiki a 2015, aka ƙara mata ƙarfi a 2023, ta ba ƙananan hukumomi ikon janye rangwamen haraji daga gidan da aka yi wa sakaci. Daga Afrilun 2024 kuma rajistar gado ta zama dole cikin shekara uku, wanda ya ƙi a ci shi tarar da za ta iya kaiwa yen 100,000.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Duk wanda ya taso a tsohon birni ya san gidan gadon da damina ke ci kowace shekara, ba don magada ba su da halin yaɓe ba, sai don kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara. Bambancin shi ne namu kangon yana tsakiyar jama'a, da an sasanta za a samu mai saye kafin la'asar. Nasu kuwa ba mai tayawa. Saboda haka wanda ya sayar a yuro ɗaya bai yi asara ba, kaya ya sauke. Wanda ya saya shi ya ɗauka.

Abin da ke bayan yuro ɗaya

Dabarar ta fito fili ne a 2008, lokacin da Vittorio Sgarbi, sanannen mai sharhin zane-zane kuma ɗan siyasa, yake magajin garin Salemi. Shirinsa bai yi nisa ba a wancan karon, amma Gangi ta ɗauka ta yi nasara, Mussomeli ta biyo baya a 2017, Ollolai ta tsibirin Sardiniya a 2018, sannan garuruwa da dama. Sharuɗɗan sun yi kama da juna. Mai saye zai ajiye kuɗin jingina, a Sambuca da Mussomeli yuro 5,000, ya kawo tsarin gyara cikin 'yan watanni, ya kammala aiki cikin shekara uku, in ya saɓa jinginarsa ta tafi. A gwanjon Sambuca na farko, yuro ɗaya mafarin tayi ne kawai, akwai gidan da ya kai yuro 25,000. Ga kuɗin jami'in shari'a da ke tabbatar da ciniki, ga harajin rajista, ga la'adar dillali, ga ladan mai zanen gini. Kafin a ɗaga dutse ɗaya, dubban yuro sun fita.

Sannan a zo ga gyara. Gidan da ya shekara 40 ko 50 a rufe, abu na farko da ke mutuwa a cikinsa rufi ne. Da rufi ya ɓule ruwa ya shiga, katako ya ruɓe, laima ta ci bango. Babu wayar lantarki mai amfani, babu famfo, wani ma babu banɗaki, domin a da ƙasan gidan turken dabbobi ne, mutane na sama. Lungun bai ɗaukar babbar mota, sai a riƙa shigo da yashi da siminti kaɗan-kaɗan. Unguwar kuma ta tarihi ce, ba a sauya fuskar gini yadda aka ga dama. Gyara mai sauƙi dubun-dubatar yuro ne. Wata Ba'amurkiya da ta ci gwanjo a Sambuca a kan abin da bai kai yuro 6,000 ba, ta sayi gidan da ke manne da shi ta haɗe, ta faɗa wa 'yan jarida da bakinta cewa ta kashe sama da dala 400,000 kafin ta gama.

Ko da kuɗi a hannu, samun magini wani aiki ne. A 2020 gwamnatin Italiya ta fito da wani gagarumin rangwamen haraji ga masu gyaran gida, magina suka yi wuyar samu, kayan gini suka yi tsada. Wani ɗan Ostareliya da ya sayi gidan yuro ɗaya a Mussomeli ya yi ta neman ma'aikata bai samu ba, gidan na ƙara lalacewa, kuɗin gyara na ƙara hawa, ƙarshe ya mayar da shi a kan yuro ɗayan da ya saya, ya nemi wani mai ɗan dama-dama a kan 'yan dubbai. Hanyar da baƙi da yawa suka bi ke nan: yuro ɗaya ya kawo su garin, amma gidan da suka saya na yuro dubu goma ne ko ashirin, mai rufi da ƙofa.

A Japan matsalolin wasu ne. Gara na cin ginshiƙan katako daga ciki, ba a gani sai an ɗaga daɓe. Ƙarfafa tsohon gida don ya jure girgizar ƙasa kuɗi ne mai yawa, kuma girgizar da ta afka wa yankin Noto ranar 1 ga Janairun 2024 ta nuna yadda tsofaffin gidajen katako masu nauyin rufi ke durƙushewa. Dokar gini ta ce fili sai ya taɓa hanya mai faɗin mita 4 da aƙalla mita 2 kafin a sake gini a kansa, don haka akwai kangon da idan ya faɗi ya faɗi ke nan. Idan gidan na haɗe da gona, sai kwamitin noma na yankin ya amince. Sau da yawa kuma mai saye ne zai biya a kwashe tarkacen shekara hamsin. Ƙananan hukumomi na da rajistar da suke kira bankin akiya, wasu na ba da tallafin gyara, faɗuwar darajar yen har wajen 160 a dala ɗaya a 2024 ta ƙara wa baƙi sha'awa. Sai dai duk wanda ya sayi gida daga hoto, bai taka ƙafarsa ya kai masanin gini ya duba ba, sayen kifi a ruwa ya yi. Ya kuma tuna cewa ranar da zai so sayarwa, kasuwar da ta ba shi araha ita zai tarar.

Takardar gida ba ta ba da izinin zama

Nan ne bidiyo ya fi yin shiru, nan ne kuma ya fi shafar mai karatunmu. Italiya da Japan duka ba sa ba mutum izinin zama don ya mallaki gida. Ba'amurke ko Baturen Ingila na iya shiga yankin Schengen na Turai, wanda Italiya ke ciki, ba biza, amma kwana 90 kawai cikin kowane kwana 180. In yana son zama na dindindin a Italiya ba tare da aiki ba, sai ya nuna yana da kuɗin shiga kusan yuro 31,000 a shekara daga fansho ko haya ko jari, kuma wannan biza ba ta yarda ya nemi aiki ba. A 2024 an buɗe wata ga ƙwararru masu aiki ta intanet, ita ma da sharaɗin albashi. Ƙasashen da a da ke ba da izinin zama ga mai sayen gida mai tsada ma sun fara rufe ƙofar: Fotugal a 2023, Sifen a Afrilun 2025.

Mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Ghana ko Kamaru ko Chadi ko Sudan kuwa, ko zuwa duba kangon sai da biza. Dokar Italiya ta ƙara wani sharaɗi ga baƙon da ba mazaunin ƙasar ba: ana duba ko ƙasarsa na barin ɗan Italiya ya mallaki irin wannan kadara. Japan ba ta hana baƙo sayen gida da fili, amma bizarta ta masu aiki ta intanet wata shida ce kawai, tana neman kuɗin shiga yen miliyan 10 a shekara, kuma an keɓe ta ga ƙasashe kusan 50 da namu ba sa ciki. Duk dillalin da ya ce maka sayen gidan yuro ɗaya hanyar samun takardar Turai ce, aljihunka yake hange.

Abin da ya faru a 2025 ya isa ishara. A taron Japan da Afirka da aka yi a Yokohama cikin Agusta, hukumar JICA ta gwamnatin Japan ta haɗa garuruwan Japan huɗu da ƙasashen Afirka huɗu don musayar al'adu: Kisarazu da Najeriya, Sanjo da Ghana, Nagai da Tanzaniya, Imabari da Mozambik. Wata sanarwa daga Abuja ta ce za a samar da biza ta musamman, Japan ta musanta, amma labarin ya riga ya bazu. Ƙorafi ya yi wa ofisoshin garuruwan yawa, har JICA ta soke shirin a Satumba. Ƙasa na iya samun miliyoyin gidaje a rufe, zukatan wasu mutanenta su ma a rufe suke. Yawan kango ba ya nufin an buɗe ƙofa.

Zaman gari

A ce an samu takarda, an gyara rufi. Saura zama, wanda ya fi duka wuya. Dalilan da suka kori 'yan gari suna nan ba su tafi ko'ina ba: babu aiki, motar haya sau biyu ko uku a yini, makaranta na haɗe azuzuwa, asibiti na nesa ko babu likita. Mussomeli sai da ta nemo likitoci daga Ajantina don asibitinta ya ci gaba da aiki. Cikin Sisili kuma na fama da ƙarancin ruwa, a 2024 fari ya sa an yi ta rabon ruwa da kwanaki. Baƙon da ya ga gari a bazara, lokacin biki da baƙi, ya dawo ya gan shi a tsakiyar hunturu, tagogi a rufe, titi ba kowa.

Ƙauye kuma ba otal ba ne. A Japan ƙungiyar unguwa na sa ran kowane gida ya fito yankan ciyawa, share magudanar ruwa, kwashe dusar ƙanƙara da hidimar biki, ya kuma ware shara yadda aka tsara. A Janairun 2023 garin Ikeda na lardin Fukui ya buga wasu ƙa'idoji bakwai ga masu ƙaura zuwa cikinsa, yana gargaɗinsu kada su zo da ɗabi'ar birni, su kuma san cewa idon jama'a na kansu. An yi ta sukar kalaman, amma sun faɗi abin da ƙauyawa da yawa ke ji. Tsoho ɗan shekara 80 da ya kasa ɗaga shebur ba mai hoto yake jira ba, mai kama masa aiki yake jira. Da ɗan gari akan ci gari, ɗan gari kuwa ba a samunsa sai da harshensa.

Musulmi na da ƙarin tambayoyi: ina masallacin Juma'a, ina mahauci, ina makarantar yara, ina maƙabarta? Sisili na da tsohon tarihi da Musulunci. Asad ibn al-Furat, alƙalin Ƙairawan kuma almajirin Imamu Malik, shi ya jagoranci rundunar da ta sauka tsibirin a 827, Musulmi suka yi mulki har Normawa suka gama karɓe shi a 1091. Sambuca kanta tsohon sunanta Zabut, tana kuma alfahari da unguwar Larabawanta mai ƙananan lunguna. Amma tarihi ba ya tsayar da sahu, yawancin ƙauyukan tudu ba su da jama'ar Musulmi. A Japan fiye da kashi 99 cikin ɗari na mamata ƙona su ake yi, wuraren da ake binne Musulmi 'yan ƙalilan ne a duk ƙasar, yunƙurin buɗe maƙabarta a garin Hiji na lardin Oita ya shekara da shekaru yana cin karo da adawa. Mai niyyar ƙarasa rayuwarsa a wuri dole ya tambayi inda za a kwantar da shi.

Ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu?

Ta wani ɓangaren ta biya. Sambuca ta sake gwanjo a 2021 daga yuro biyu, a 2024 daga yuro uku, kuma gidajen da 'yan gari suka sayar da kansu sun ninka na hukuma sau da yawa. Magina da kafintoci sun samu aiki, an buɗe masaukai da wuraren cin abinci, lungunan da suka yi duhu sun ga fitila. Ɗan Ostareliyan nan da gidansa na farko ya gagare shi bai bar Mussomeli ba, ya buɗe wurin dafa abinci kyauta ga mabuƙata a dandalin garin. Irinsa ne ribar shirin.

Amma yawancin masu saye 'yan hutu ne ko masu fansho. Suna zuwa wata biyu su kulle su tafi. Gidan ya daina zama kango, bai kuma zama gida ba. Garin da ke neman yara a aji ya samu fenti a bango. Shi ya sa abin da Kamiyama ta yi ya fi burge ni. Wannan gari na Tokushima mai mutum kusan 5,000 ya fara da shimfiɗa intanet mai ƙarfi, sannan wata ƙungiyar 'yan gari mai suna Green Valley ta riƙa duba sana'ar da garin ya rasa, ta ba mai ita kango: ga gida, muna son mai gasa burodi. Kamfanin Sansan na Tokyo ya buɗe reshe a wani tsohon gida a 2010, wasu suka biyo, a 2023 har kwalejin fasaha aka buɗe. Sun fara da tambayar abin da mutum zai yi, kafin inda zai kwana.

Akwai kuma waɗanda suka cika kangayen Italiya ba tare da kowa ya yi musu bidiyon fenti ba. A 1998 jirgin ruwa ɗauke da Kurdawa ya tsaya a gaɓar Riace a yankin Kalabriya. Domenico Lucano, wanda ya zama magajin garin a 2004, ya nemi izinin magada ya zaunar da 'yan gudun hijira a gidajen da aka bari, makaranta ta rayu, shaguna suka buɗe. An kama shi a 2018, aka yanke masa shekara 13 a 2021, kotun ɗaukaka ƙara ta soke mafi yawan tuhumar a 2023, jama'a suka sake zaɓensa a 2024. Sutera, maƙwabciyar Mussomeli, ta fara karɓar iyalai bayan hatsarin jirgin ruwan 'yan gudun hijira a Lampedusa na 3 ga Oktoban 2013 da ya ci rai 368, cikin iyalan har da 'yan Najeriya, 'ya'yansu suka ƙara yawan ɗalibai a makarantar garin. Abin na taɓa zuciya: tsibiri ɗaya, kango iri ɗaya, wani an kira shi da talla don yana da fasfo mai ƙarfi, wani ya ratso Agadas da Libiya da teku da ransa a hannu, kuma sau da yawa na biyun ne ke kwana a garin duk shekara.

To wa cinikin ya dace da shi? Wanda ya riga ya samu izinin zama, yana da abin shiga da bai dogara da garin ba, yana da kuɗin gyara har da rara, ya je ya zauna haya ya ga rani da hunturu, ya fara koyon harshe, ya kuma yarda zai fito aikin gayya ya je jana'izar maƙwabci. Ga irin wannan, kangon Sisili ko na Tokushima na iya zama alheri gare shi da garin baki ɗaya. Ɗan'uwanmu da ya shekara goma yana aiki a Italiya da takardunsa, yana jin harshen, ya fi mai kallon bidiyo daga nesa kusa da wannan dama.

Ga sauranmu, darasin ya fi gidan daraja. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Waɗanda suka kulle ƙofofin nan a Sambuca da Nagoro ba su yi niyyar barinsu har abada ba. Ci-rani suka tafi, da nufin in an samu a dawo. Aiki ya riƙe su, 'ya'ya suka tashi da wani harshe, makulli ya yi tsatsa a aljihun jika. Ginin dutse ya jure shekara ɗari biyu na ruwa da iska, amma bai jure shekara arba'in na rashin mai share tsakar gida ba. Duk garin da ke sayar da gida a yuro ɗaya yana faɗa wa duniya abin da ya gano a makare: bango ba shi da tsada, wanda zai buɗe ƙofa da safe ya ce wa maƙwabci "ina kwana" shi ne ba a samu a kasuwa.